Neman Ɓargo a Indiya

Tun da muka dawo daga Indiya nake tare mutane a zaure ina mayar da su, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni Ƙofar Kaura. Ba halina ba ne. Likita ce ta ce kada a taru a kan yarinya, kada a yi musabaha da ita, ko turaren wuta kada a kunna a ɗakin da take kwana. Wasu sun gane, wasu sun tafi suna cewa Malama Rabi ta hau jirgi ta dawo da girman kai. Ku kuma abokan aikina na makaranta, duk wadda ta kira ni sai ta ce in ba ta labari tun daga farko, har bakina ya gaji. To ga shi na rubuta muku sau ɗaya. Ku karanta a ɗakin malamai, ku bar wayata ta huta.

Bari in fara da abin da kuka sani amma ba kwa faɗa a gabana. Allah bai ba ni haihuwa ba. Da Hauwa, matar ƙanena Kabiru, ta tashi yaye 'yarta ta fari, sai aka kawo mini ita yaye, ba a kuma zo ɗauka ba. Kabiru ya ce, “Yaya, taki ce.” Safiya ta tashi tana ce mini Mama, tana ce wa Kabiru Kawu, Hauwa kuwa Anti. Sunan mahaifinmu Abdullahi aka sa mata a makaranta. Ita Hauwa, saboda kunyar 'yar fari, ko sunan yarinyar ba ta kamawa, sai dai ta ce ɗiyar Yaya. Duk danginmu babu wanda ya taɓa faɗin wani abu daban a gaban Safiya, ni kuma haka nake so.

Tun tana ƙarama ba ta rabuwa da makero a ka. A shafa magani ya tafi, a jima ya dawo. Farcenta ya yi kauri ya yi baƙi, harshenta kullum da wani farin abu kamar kindirmo ya kwanta. Mun sha na asibiti, mun sha na gargajiya, har na fara zargin kaina da ƙazanta, ni da ko tsintsiya sai na wanke. Da ta shiga shekara tara sai zazzaɓi ya ƙi sauka, ta yi fari fat, daga ɗaki zuwa zaure sai ta zauna ta huta. Wani likitan yara a nan Katsina ya duba jininta ya ce sankarar jini ce take farawa. Amma shi makeron ne ya fi tsaya masa a rai. Ya ce yaro ba ya shekara da shekaru yana fama da funfuna a jiki haka kawai, akwai abin da ya samu garkuwar jikinta tun daga halitta, kuma mai yiwuwa shi ne ya buɗe wa sankarar ƙofa. Ya san wasu likitoci masu bincike a Chennai, can kudancin Indiya, waɗanda irin waɗannan yara ne aikinsu. Ya ce maganin da ya rage shi ne a kashe ɓargon da ke cikin ƙashinta a dasa mata na wani. Dangi suka haɗa ƙarfi, muka shirya, ni da Kabiru da ita.

Ranar tafiya Hauwa ta zo da sassafe da wata jaka da ta cika da kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli da kilishi. Ta tsaya jikin mota tana kallon ƙasa. Da direba ya tayar, abin da ta iya faɗa shi ne, “Allah shi ba ɗiyar Yaya lahiya.” Ba ta ko leƙa ta taga ba.

Hanyar Kano kun san ta, ba sai na faɗa ba. Jirgi ne ban sani ba. Da ya ɗaga sai na ji hanjina ya rage a ƙasa, na kama hannun wani bawan Allah da ke gefena ban sani ba, shi kuma ya bar mini shi har muka daidaita. Safiya ce ma take lallashina, wai “Mama, buɗe idonki ki ga Kano ta koma kamar faifai.” Mun sauka Addis Ababa muka canja jirgi. A can na shiga yin alwala na tarar da famfo ba shi da abin murɗawa. Na latsa, na ja, na buga, shiru. Na juya zan fita cikin fushi, gefen mayafina ya gifta ta ƙarƙashinsa, sai ga ruwa shaa. Wata mai shara, 'yar Habasha, ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake yi.

A filin jirgin Chennai aka duba katin rigakafinmu, aka buga mana hatimi, sai aka zo kan jakar Hauwa. Jami'in ya kwashe kilishi ya ajiye gefe, ya ce nama ba ya shiga. Ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shaƙa ya yi tari. Kabiru ya yi ta bayani cewa abin miya ne. Daga ƙarshe na tambayi mutumin da ɗan Turancina ko mu wuce, sai ya kaɗa kai hagu da dama. Na tsaya. Na sake tambaya, ya sake kaɗawa. Raina ya fara ɓaci, na ce wa Kabiru, “Shi kau wannan mi yake nufi da mu?” Ashe a can haka ake cewa to. Har muka baro ƙasar ban saba ba, kullum sai gabana ya faɗi kafin in tuna.

Masaukinmu wani gida ne kusa da asibiti, na wata tsohuwa mai suna Madam Kamala, wadda ke ba masu jinya haya. Ta karɓi fasfo ɗinmu ta ga Abdullahi, Abdullahi, Abdullahi, sai ta kai mu wani ɗaki mai faffaɗan gado ɗaya da ɗan ƙarami a gefe, har da furanni a kan matashi. Na kalli Kabiru, ya kalli silin. Na ce, “Kabiru, gaya mata ni na goya ka.” Da ta gane sai ta dafe baki ta yi ta ba mu haƙuri, ta ba shi wani ɗan ɗaki a sama.

Washegari na buɗe ƙofa na ga an yi wani zane da farin gari a bakin ƙofar, layi-layi da ɗigo-ɗigo. Na ɗauka asiri ne. Na karanta duk abin da ya zo bakina, na ɗauki Safiya cak na tsallake da ita. Kwana uku ina wannan tsalle kafin na kama Madam Kamala durƙushe tana zanawa da garin shinkafa. Ta ce kowace mace tana yi a ƙofarta da safe don maraba da baƙi, tururuwa ma su samu na karin kumallo. Na leƙa titi, ashe kowace ƙofa da nata. Mu yayyafa ruwa muke yi mu share, su har ado suke ƙarawa.

Abincinsu kuwa, shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare, amma kowane lokaci da kamarta. Da safe wata waina ce fara sol wadda ba ta ga mai ba, turara ta ake yi, a ci da miya mai tsami. Da rana a shimfiɗa maka ganyen ayaba a zuba a kai, in ka gama a kawo nono ka dama da sauran shinkafar ka rufe da shi. Da farko na ce wannan ai abincin marasa lafiya ne, daga baya ni ce mai neman ƙari. Nama kuwa sai ka yi tafiya zuwa unguwar Musulmi. Shanu na yawo a titi abinsu, mota ta tsaya ta jira saniya ta gama tunani. Na ce da mahautan Katsina za su ga wannan, da sun yi kuka.

Asibitin ne ya fara sa ni yin shiru. Takalmi ake cirewa a ƙofar sashen yara kamar za a shiga masallaci. Ga yara nan daga ƙasashe daban-daban, kawunansu duk babu gashi, wasu na tura ƙarfen ƙarin ruwansu suna tsere da shi a baranda. Kabiru ya je wajen rajista ya yi bayani da Turanci, ya ba da sunansa a matsayin uba. Ni ina zaune da Safiya a cinya sai wata nas ta zo ta nuna ni ta ce, “Ke ce uwar?” Na ce ni ce. Me kuke so in ce? Yarinya na jikina, tana jin Turanci daidai gwargwado, kuma a garinmu wanda ya ce wa mai riƙo ba ke kika haifa ba ai zagi ya yi. Ban ɗauke shi ƙarya ba, har yau ma ban ɗauka ba. Aka ɗebi jinin Safiya, aka ɗebi na Kabiru, aka ɗebi nawa. Raina fes, don na riga na ƙudurta cewa ɓargona za a sa mata.

Babbar likitar sunanta Dakta Anita, 'yar siririya mai furfura a gaban goshi, ba ta ɗaga murya. Bayan an fara wa Safiya magani da 'yan makonni sai ta aiko a kira mu, ni da Kabiru, ban da yarinya. Ta rufe ƙofa, ta zauna. Sannan ta dube ni ta ce, “Ki yi haƙuri da abin da zan tambaya. Jinin da muka duba ya nuna Malam Kabiru ne mahaifinta. Amma ya nuna ba ke kika haife ta ba. Ya nuna ke 'yar'uwar mahaifinta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko dai mun haɗa kwalabe ne, ko kuma akwai abin da ba mu sani ba.”

Abin da dangi guda suka rufe shekara tara, abin da ko a bayan ido ba ma furtawa, ga wata mata a wata duniya ta karanto shi daga cikin jinin da bai cika cokali ba. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba. Bayan mamakin sai kunya, bayan kunyar sai baƙin ciki. Kabiru ne ya yi mata bayanin riƙo, da yaye, da kunyar 'yar fari. Na zaci za ta yi mana faɗa mun ɓata musu aiki. Sai ta yi murmushi ta ce a ƙauyen kakarta ma ana ba wadda ba ta haihu ba ɗa, laifinsu ne da ba su iya tambaya ba.

Ganin yadda na rikice sai ta ce in biyo ta in ga inda aka yi karatun. Muka hau bene, aka sa mini riga da hula. Na zaci zan ga wani abu mai cika ɗaki, sai ga wata na'ura kamar ƙaramin firji tana ƙugi a hankali, matasa maza da mata zaune gaban kwamfuta. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar mutum akwai rubutu, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma haruffa huɗu ne kacal ake ta jujjuyawa, da su aka rubuta launin fata da tsawo da yadda jiki zai kare kansa. Ta nuna mini wani wuri a allon kwamfuta ta ce, “Nan ne. Harafi ɗaya ne ya sauya a wajen Safiya.” Saboda wannan harafin sojojin jininta ba sa fitowa daidai, funfuna ta samu wurin zama, ɓargon kuma ya fara lalacewa. Ni da na shekara ashirin ina jan jan biro a ƙarƙashin kuskuren harafi ɗaya, ban taɓa sanin harafi ɗaya zai iya kwantar da yaro ba. Na tsaya ina ta tasbihi a raina. Wanda ya yi wannan rubutun a jikin kowane ɗan Adam, da kowace saniyar da ke yawo a titi, lalle Shi ne abin tsoro.

Ta nemi izininmu su ajiye jinin su ci gaba da bincike a kai, ta ce ba su cika samun na yaran ɓangarenmu ba, kuma abin da suka koya a kan Safiya zai iya amfanar wani yaron da ba a ma haifa ba. Muka ce mun yarda.

Da muka koma ofis ta faɗi sauran. Kabiru ma yana ɗauke da harafin, shi dai bai tashi a jikinsa ba, saboda haka nasa ɓargon ba zai yi ba, kuma sai an duba sauran 'ya'yansa. Na yi maza na ce to a ɗebi nawa, ko duka ne. Ta girgiza kai, irin girgizawar da na sani ta gida. Ta ce nawa bai dace da na yarinyar ba. Ta ce, “Wadda ta haife ta muke nema. Uwa kullum rabin ɗanta ce.”

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye muku ba. Na yi na tsoron kada yarinya ta mutu kafin Hauwa ta iso, na kuma yi wani wanda na ji kunyarsa, na cewa ni da na yi wankin kashi da zaman jinya, ranar da ake neman abin ceton ranta ba a same shi a jikina ba. Dakta Anita ta ce al'adarsu a gaya wa yaro gaskiyar wanda zai ba shi ɓargo. Na roƙe ta ta bar mini wannan. Na je na ce wa Safiya, “An duba an ga na Anti Hauwa ya fi dacewa da naki.” Ta ce to, ta ci gaba da zanenta.

Hauwa, wadda ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba, ta yi biza ta hau jirgi biyu ita kaɗai. Da ta fito daga filin jirgi ta durƙusa ta gaishe ni kamar a tsakar gidanmu, ta tambayi gajiya, ta tambayi baƙunta, sai can ta ce, “Ya mai jiki?” A asibiti nas-nas suka yi ta leƙenta, don sun ji labarin uwa ta iso, suna jiran su ga an rungume juna ana kuka. Hauwa ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Sannu,” ta nemi kujera can nesa ta zauna. Wata nas ta ja ni gefe ta ce ko matar nan tilasta mata aka yi? Na ce ki bar ganin ta haka. Tun da ta zo ba ta iya cin abinci, ni na sani.

Aka shigar da Safiya wani ɗaki na musamman wanda ko iskar cikinsa tacewa ake yi. Mutum ɗaya aka yarda ya zauna da ita. Na dubi Hauwa. Ta ce, “Yaya, ke ta saba da ke.” Dokokin ɗakin sun fi na makarantar kwana. Ba fure, ba lalle, ba turare, ba 'yan dubiya. Jakar nan da muka sha wahalar shigowa da ita, an ce ko kusa kada yaji da ƙuli-ƙuli da kuka su matso, domin ƙwayar funfuna na ɓuya a cikin busasshen abu, mai lafiya ya ci ba abin da zai same shi, amma wanda ba shi da garkuwa tana iya kashe shi. Na tuna yadda muke cika ɗakin mara lafiya a gida, kowa da kwanonsa, kowa da tarinsa, muna ganin zumunci muke yi.

Aka ba Safiya magunguna masu ƙarfi suka share ɓargonta, gashinta ya zube a hannuna. Ranar dashe aka sa Hauwa barci aka zuƙi ɓargo daga ƙashin ƙugunta. Ni na zaci fiɗa za a yi wa Safiya a buɗe ƙashi a zuba. Sai ga nas ta shigo da 'yar jaka guda, abin ciki ja kamar zoɓo mai kauri, ta rataye ta haɗa da jijiya kamar ƙarin jini. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, da kansa zai nemi hanya ya shiga cikin ƙashi ya zauna. Na zuba wa jakar ido tana ɗiga. Wa ya nuna masa hanya?

Sai jira, kuma jiran ne ya fi komai wuya. Tsohon ɓargo ya tafi, sabo bai kama ba, yarinya ba ta da ko soja ɗaya a jiki. Ana cikin haka zazzaɓi ya rufe ta, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ce funfuna ce ta shiga huhu. Dakta Anita ba ta ɓoye mana ba, ta ce suna ba ta magani mafi ƙarfi da suke da shi, amma magani riƙe ƙofa kawai zai yi, sai in ɓargon Hauwa ya tashi da wuri. Na ce ina so in ga abin da ke neman kashe mini yarinya. Ta kai ni ta sa idona a madubin da ke ƙara girman abu. Na ga wasu zarurruka farare masu rassa, tsaf-tsaf, kamar saiwar ciyawa. Abin haushi, kyau gare su. Irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu ce fa, wadda muke kankarewa mu zubar ba tare da tunani ba.

A waɗannan kwanaki Hauwa, da ciwon ƙugunta, kullum tana tsaye a bayan gilashin ɗakin. In Safiya ta juyo sai ta kawar da kai kamar wucewa take yi. In yarinyar ta rufe ido sai ta dawo ta kafa goshi a gilashin. Ina ganinta, ita ma ta san ina ganinta.

Wata safiya Dakta Anita ta shigo da saurin da ban san ta da shi ba. Ta ce fararen ƙwayoyin jini sun fara fitowa, kaɗan ne amma sun fito. Washegari suka ƙaru. A hankali zazzaɓi ya sauka, yarinya ta ce tana jin yunwa. Na yi sujada a kan tayil ɗin nan mai warin magani. Da aka sake gwaji bayan wani lokaci, likitar ta tara mu ta ce, “Yanzu duk jinin da ke gudana a jikin Safiya ɓargon Hauwa ne yake yin sa.” Kabiru ya yi hamdala, Hauwa ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na yi murna har zuciyata, amma a ƙarƙashin murnar wani abu ya soke ni. Da rabinta ne na Hauwa, yanzu ta zama tata duka. Na fara tunanin ko da wane baki zan ci gaba da cewa tawa ce.

Mun ƙara watanni a gidan Madam Kamala ana duba Safiya, har gashi ya fara tsirowa, kan nan sumul babu tabon makero ko ɗaya. Ranar da za mu taho tsohuwar ta yi wani babban zane a ƙofa, ta ce na rakiya ne. Wannan karon ban tsallake da gudu ba, na tsaya na yaba.

Tun daga jirgi nake saƙa da warwara. Duk Katsina ta ji wadda ta ba da ɓargo, kuma bakin mutane ba ya rufuwa. Gara Safiya ta ji daga gare ni. In ta ce gidan uwarta za ta koma, ba ni da ta cewa, hakkinta ne, kuma Hauwa ta biya da ƙashinta. Muka sauka Kano, muka kama hanya, na kasa. Muka wuce Bichi, na kasa. A Kankiya direba ya tsaya sallar la'asar, Kabiru da Hauwa suka fita, aka bar ni da Safiya a mota, tana sanye da takunkuminta, ido kawai ake gani.

Na ce, “Safiya, akwai maganar da nike son in gaya maki. Kin ga Anti Hauwa da ta ba ki ɓargo...”

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta dube ni ta ce, “Mama, ita ta haife ni ko? Ai na sani.”

Na ce, “Wa ya gaya maki? Likita?”

“A'a. Tun ina aji biyu. Wata 'yar ajinmu ce muka yi faɗa ta gaya mani.”

“Shi ne ba ki taɓa tambaya ta ba?”

Ta ce, “Na ga in na faɗa ba za ki ji daɗi ba.”

Shekara biyu da wani abu yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai, da makeronta da zazzaɓinta, tana lallaɓa ni, ni kuma ina nan ina ganin ni ke lallaɓa ta. Na daure na yi tambayar da nake tsoro. Na ce, “To yanzu in mun isa, ina kike son a sauke ki? Ƙofar Durɓi gidan su Anti, ko Ƙofar Kaura? Duk wanda kika zaɓa ba zan ji haushi ba.” Ƙarya nake yi, da na ji.

Ta yi mini wani kallo kamar na tambaye ta sunanta. Ta ce, “Gida mana, Mama. Ina kuma za ni?”

Hawaye suka zubo mini. Ta hango su Hauwa sun fito daga masallaci suna tahowa, sai ta kama gefen mayafina ta goge mini fuska da sauri, ta matso kusa da kunnena ta ce, “Amma don Allah kar ki gaya ma Anti Hauwa na sani. Kunya za ta ji.”

Hauwa ta buɗe ƙofa ta shigo, ta ga idona ja, ta ce, “Yaya, lahiya?” Na ce gajiyar hanya ce. Ta ce, “Sannu. Ɗiyar Yaya ta sha maganinta kau?” Safiya ta ce, “Na sha, Anti.”

Ban gaya wa Hauwa ba har yau. Ku ma da kuka karanta, ku taya yarinyar nan riƙewa.